Madubin Inna

Kwamfutar gidan ta kai inda in an kunna ta, sai a dafa shayi a shanye kafin ta buɗe ido. Maigidan ya kira ƙanwarsa, autarsu, wadda gyaran kwamfuta ne aikinta.

Auta ta zauna a kan tabarmar falo, ta kwashe komai ta zuba a wata babbar filashi, ta buɗe ta tabbatar ya shiga, sannan ta goge kwamfutar tas ta ɗora mata sabuwar manhaja.

"To, Yaya," in ji ta, "abin da ake buƙata kaɗai zan mayar. In na kwaso duka, mun koma gidan jiya. Ku zaɓa."

Nan aka soma ciniki. Matarsa, wadda tela ce, ta ce a bar tsofaffin wasannin ƙwallonsa a filashi, tunda ya san wanda ya ci.

"Ke kuma hotunan hannun riga fa? Hannu ɗaya, an ɗauke shi ta ko'ina kamar ɓarawo."

"Da su nake cin abinci, Baban yara."

Aka mayar da takardun aikinsa, da hotunan yara, da rabin hannayen riga. Sai suka iso kan wasu bidiyoyi da kowa ya ce ba nasa ba ne. Auta ta danna ɗaya.

Sai ga Inna, mahaifiyarsu, fuskarta ta cika allon. Ashe in sun fita takan taɓa kwamfutar, kyamara ta kunnu, ita kuwa ta ɗauka madubi ta samu. Tana gyara ɗaurin ɗankwali, tana juya wuya, tana ƙorafin ɗanta ya hana ta sukari.

Dariyarsu ce ta fito da Inna daga ɗaki. Ta tsaya ta kalli kanta, ta kama baki.

"Auta, goge min wannan abin kunya."

"To, Inna."

"Dakata. Mayar da shi baya tukuna." Ta matso, ta ƙura ido. "Wannan ɗaurin ai ya zauna. Ina na kai ɗankwalin nan ma?"

Surukar ta ce yana cikin wanki. Inna ta ja kujera ta zauna, ta ce a buɗe na gaba. Duka Auta ta mayar da su, sai guda ɗaya da Inna ta yi atishawa a ciki, wanda ta ce ko a filashi kada a bar shi.