Rarar Gwanjon Gidan Su Tasalla

Wani sauti ne ya hana Tasalla barci a daren da za a wayi gari a shiga kotu. Daga bayan katanga yake fitowa, daga cikin gidan da aka garƙame da kwaɗo tun ranar gwanjo. Gurrr, sai ya tsaya. Can kuma ƙwas, kamar ana jan tasa a kan daɓe.

Iyatu, maƙwabciyar da ta ba ta aron rabin ɗaki, ta tashi zaune tana a'uziyya.

"Kin ji ko? Na hwaɗa miki, gida in babu mutane, waɗansu ka tarewa ciki."

"Kwanta, Iyatu. Kunkurun Baba ne. Tasar abincinsa yake turawa."

Kunkurun ya girmi bankin da ya sayar da gidan, ya kuma girmi jihar Kebbi nesa ba kusa ba, don ita a lokacin ko shekara biyu ba ta cika ba. Masu gwanjo ba su sa shi a lissafi ba, ba su kuma fitar da shi ba. Da asuba Tasalla ta jefa masa ganyen yakuwa ta kan katanga, ta yi salla, ta ɗaura zanenta na zuwa suna.

Gidan nan na unguwar Magaji a Jega, mahaifinsu Malam Ya'ƙub ne ya bar musu, ita da ƙaninta Hamidu. Ba a taɓa raba gadon ba. Da mijinta ya rasu a Maiyama ta kwaso kayanta ta dawo ɗakin tsakar gida, tana suyar ƙuli-ƙuli, babu wanda ya ce mata don me. Hamidu kuwa albasa ce ta shiga ransa. Ya jinginar da gidan a banki, ya sayi injin ban-ruwa, ya kama fadama a Aliero. Albasa ta yi kyau har mutane na zuwa kallo. Ya ƙi sayarwa, ya zuba a rudu, rumbun karan nan da ake ajiyar albasa, yana jiran ta yi tsada. Ruwan bazara ya sauko da wuri. Aka ce sai da ungulaye suka yi ta zagaya rudun don wari, suna zaton wata dabba ce ta mutu.

An yi gwanjon gidan a kan naira dubu sittin. Banki ya cire dubu arba'in da biyar, ya miƙa wa kotun alƙali rarar dubu goma sha biyar, ya ce masu haƙƙi su je can su daidaita. A kan wannan rara aka kira su.

A bakin kotu ta tarar da Hamidu. Daga Aliero ya hawo bayan motar albasa, rigarsa duk ɓawo. Tun ranar gwanjo bai tako Jega ba, can yake kwana a bukkar gona. Ya rame har wuyansa ya yi tsawo. Ya durƙusa.

"Yaya, an tashi lahiya?"

"Lahiya lau. Ka ci wani abu?"

"Na ci."

Ta kwance bakin zane ta miƙa masa ƙuli-ƙuli. Ya karɓa ya cinye a nan durƙushe, yana kallon ƙasa. Ita ta goya shi lokacin da mahaifiyarsu ta rasu, shi yana rarrafe, ita ko ƙirgen dangi ba ta fara ba. Har yanzu in ta dube shi, da furfurarsa da komai, tana jin nauyinsa a gadon bayanta.

Alhaji Rabi'u mai taki ya iso a kan babur. Shi ne ya ba Hamidu takin zamani da man inji bashi, dubu goma sha uku, a gaban shaidu. Ba mugun mutum ba ne, amma shi ma manyan 'yan kasuwa na binsa, idanunsa sun yi ja. Ya gaida Tasalla, sannan ya rage murya.

"Inna, ba na ɓoye miki. In na hita nan hannu banza, sabuwar ƙara zan shigar. Kin san inda aka kai wanda ya kasa biya."

"Na sani, Alhaji."

"To, ni dai na hwaɗa."

Akwai kuma na uku, wani tsoho mai lanƙwasasshen baya, Ɗanasabe mai haƙar rijiya. Yana zaune a gindin dalbejiya da igiyarsa a kafaɗa, kamar an kira shi aiki.

Da aka shiga, muhuti, magatakardan alƙali, ya karanta abin da ya tara su. Alƙali dattijo ne mai sanyin magana, fankar da ke samansa tana juyawa a hankali har mutum na iya bin fiffike ɗaya da ido. Ya fara da Ɗanasabe.

"Allah shi gafarta Malam, ni na yi ma gidan ƙarin rijiya shekarar da ruwa ya janye. Gaba shida na haƙa, aka biya ni huɗu. Gaba biyu na can ƙasa nawa ne. Kuma can ruwan yake."

Mutane suka yi dariya, masinja ya tsawata. Alƙali bai yi dariya ba, ya tambayi Hamidu, Hamidu ya ce gaskiya ne. Aka rubuta naira ɗari uku. Alhaji Rabi'u ya kawo shaidunsa, Hamidu bai musa ba. Sai alƙali ya juyo wajen Tasalla.

"Baiwar Allah, gidan nan gado ne?"

"Gado ne."

"Ku biyu?"

"Mu biyu muka rage."

"To ki saurara da kyau. Kashi ɗaya cikin uku na gidan naki ne. Idan da yardarki aka jinginar, rabonki ya bi bashin, rarar nan ta zama ta Hamidu, a biya masu binsa. Idan kuwa ba da yardarki ba ne, ba a biyan bashin wani da dukiyar wani. Rabonki ya fi rarar nan yawa, don haka duk taki ce. Kin gane?"

Ta gane tun kafin ta zo. Iyatu ta riga ta nemo mata labarin wani ɗaki da 'yar farfajiya a bayan makera, ana neman dubu goma sha huɗu. Ta kuma gane abin da Alhaji Rabi'u ya faɗa a waje. Tun a hanya ta shirya abin da za ta ce: na yarda, a ba su. Amma Alƙur'ani na nan a kan teburin alƙali cikin gafakarsa, ba a ce ta dafa ba, yana dai kallonta.

"Kin san an jinginar da gidan?"

Ta sake duban gafakar da ke kan teburin.

"Allah shi gafarta Malam, bai hwaɗa mini ba. Amma na sani."

"Yaya aka yi kika sani?"

"Wata rana mutane biyu suka zo da igiyar awo, suna auna katanga. Na ce ma Hamidu, mi a wanga? Ya ce ai ma'aikatan sabuwar jiha ne, suna ƙirga gidaje. Ya ce, 'Yaya Tasalla, kada ki damu.'" Ta gyara lulluɓinta. "Shi Yaya yake ce mini. Tun yana yaro, in ya haɗa da sunana, to ƙarya ce. Ko ƙosai ya sata haka yake yi."

Wannan karon har muhuti sai da ya rufe baki da hannu. Hamidu ya sunkuyar da kai tsakanin gwiwoyinsa.

"Da kika gane, me kika yi?"

"Na ba mutanen ruwa suka sha. Rana ta yi zahi."

Alƙali ya cire tabarau ya goge da bakin rawani. "Sani daban, yarda daban. Tambayata ita ce, kin yarda?"

Ta dubi Hamidu, ta ga ƙeyarsa kawai, da ɓawon albasa ɗaya maƙale a hularsa.

"Da ya tambaye ni, da na yarda."

"Ya tambaye ki?"

"Da ya ce, Yaya ga abin da nake so, wallahi ko ɗakin da nake kwana..."

"Baiwar Allah, ya tambaye ki?"

"Bai tambaya ba."

Alhaji Rabi'u ya miƙe. "Allah shi gafarta Malam, ai ta ce da ta yarda! Kowa ya ji!"

"Na ji, Alhaji, zauna. Ba a yanke hukunci da 'da'." Alƙali ya mayar da tabarau. Ya ce rarar duka ta Tasalla ce, a matsayin rabonta na gado, har ma akwai sauran rabon da ba ta samu ba. Ya ce masu bin Hamidu bashi haƙƙinsu na nan a wuyansa, ƙofar kotu a buɗe take. In kuwa mai dukiya ta ga dama ta yi kyauta da abinta, wannan ba aikin alƙali ba ne.

Aka ƙirga mata kuɗin a gaban kowa, 'yan naira hamsin-hamsin sababbi masu ƙamshin banki. Ta dangwala yatsa. Ta naɗe su a tsohon kallabi ta cusa a ƙugu, ta ji sun tsaya mata kamar dutsen niƙa. Ta shigo da niyyar fita babu komai, ga shi ta fita da duka.

Ba wanda ya ce su biyo ta, amma da ta waiga a wajen 'yan tumatir sai ta gan su a jere. Ɗanasabe da igiyarsa, Alhaji Rabi'u yana tura babur bai hau ba, can baya kuma Hamidu. Masu shaguna suna ta leƙe. Wani mai shayi ya ce, "Inna, yau ke ce gwamna?" Ta wuce abinta.

A bakin masallacin unguwa ta tsaya, ta juya baya ga mutane, ta zaro naira ɗari uku.

"Malam Ɗanasabe, ga gaba biyunka. Na sha ruwan nan shekara da shekaru."

Tsohon ya karɓa da hannu biyu, ya yi ta sa albarka, ya tafi yana waiwaye kamar za a ce ya dawo da su.

Alhaji Rabi'u ya matso. "Ni fa, Inna?"

"Ni ka ba taki, Alhaji?"

"A'a."

"To ka ba ni zuwa gobe da hantsi. In ka ji shiru, ka yi abin da ka ga ya dace."

Ya dube ta, ya dubi Hamidu, ya yi tsaki maras ƙarfi, ya hau babur ya tafi.

Iyatu na tsakar gida tana tankaɗe lokacin da Tasalla ta shigo. Labari ya riga ta isowa.

"Alhamdu lillahi! Tashi mu tahi bayan makera tun wani bai riga mu ba. Na ce ma matar mai ɗakin ta riƙe mana."

"Bari in sha ruwa."

"Sha ki tashi. Ke ba ɗa ba, ba miji ba, shekara sittin, ina za ki? Ni ban gaji da ke ba, amma kin ga ɗana zai yi aure bayan salla, ɗakin nan..." Ta ci gaba da tankaɗe da ƙarfi.

Tasalla ta sha ruwa. Ta zuba tuwon da ya kwana a kwano, ta ɗumama miya, ta ɗauka ta nufi zaure. Hamidu na zaune a ƙasa a bakin ƙofa, bai shiga ba, bayansa jingine da katangar da a da tasu ce. Ta ajiye masa kwanon, ta zauna a kan dakali. Ta ciro kallabin ta ɗora a cinyarta, ta dafa shi da hannu ɗaya.

"Ci."

Ya wanke hannu, ya kai loma biyu, ya tsaya.

"Yaya, ki sayi ɗakin. Ni zan san yadda zan yi da Alhaji."

"Yaya za ka yi?"

"Akwai injin."

"Injin da ya ƙone?"

Ya mayar da ido kan tuwon. Wata akuya ta zo ta leƙa kwanon, ya kore ta da gwiwar hannu.

"Hamidu."

"Na'am, Yaya."

"Tambaye ni."

Ya ɗago kai. "Mi?"

"Abin da ba ka tambaye ni ba wancan karon. Ga ni, ga kuɗin. Ba alƙali, ba banki. Buɗe baki ka tambaye ni."

Leɓensa ya motsa. Ya dubi kallabin, ya dubi hannunta da ke kansa, hannun da man ƙuli ya ƙone wuri-wuri. Ya san abin da za ta ce in ya tambaya, ita ma ta san ya sani. Ya buɗe baki, iska kawai ta fito. Hawaye ya gangaro ta gefen hancinsa ya ɗiga a cikin miya, bai share ba.

Ita kuma ba ta miƙa ba, ba ta mayar da kallabin ƙugu ba. Inuwar katanga ta taso ta rufe ƙafafunsa, ta hau kwanon, ta kai gwiwarta. Aka kira la'asar, mutane suka wuce su zuwa masallaci suna sallama, su biyun suna amsawa ba tare da sun dubi kowa ba.

Iyatu ta fito da mayafinta a kafaɗa, takalmi a ƙafa, a shirye don zuwa bayan makera. Ta tsaya a ƙofar zaure, ta dubi wannan, ta dubi wancan, ta dubi tuwon da ya sandare.

"Wai ku biyun nan," ta ce, "wa ke jiran wa?"