Hoton Ƙirjin Sabitu

A shekarar 1976 duk inda ka waiwaya a Libreville gini ne ke tashi. Kuɗin fetur ya shigo gari, kuma kowane gini siminti yake ci. Shekara bakwai ke nan Sabitu, mutumin Gezawa, yana tura amalanke. Daga wani sito a unguwar Glass yake ɗauko buhunan siminti, ya haura tudu da su zuwa lungunan da mota ba ta iya shiga.

Ranakun Lahadi ya riƙa koyon tuƙi a wurin wani direba ɗan Maraɗi, har ya samu lasisi. Da wani kamfanin dakon bututun fetur ya nemi direbobi, sunansa ya fito a cikin goma sha biyun da aka zaɓa. Ranar ya shigo gida a Nzeng-Ayong da gudu, sai da matarsa Ƙulu ta tare shi a ƙofa ta ce ya yi a hankali kada ya take mata tukunya.

Abu ɗaya ya rage, gwajin lafiya, wanda mutanen gari ke ce wa bizit. Likitan kamfanin ya ɗauki hoton ƙirjinsa, ya ƙirga bugun hannunsa sau biyu, ya ɓata fuska. Ya ce zuciyar ta yi girma, kuma sau arba'in da huɗu kaɗai take bugawa a minti ɗaya. Ya ba shi ambulan ya ce ya kai wa likitar zuciya a babban asibiti. In ba ta sa hannu ba kafin ƙarfe huɗu na ranar Alhamis, za a ba na bayansa motar.

Ran Laraba bayan la'asar ya je kantin Baba Ɗanlami. Shi ne ya sauke shi lokacin da ya zo ƙasar, shi ya raka shi aka yi masa katin zama, kamar yadda ya yi wa rabin Hausawan unguwar.

"Kai da na ga ka haura tudun nan da buhu takwas ana ruwan sama, a ce zuciyarka ta lalace?" in ji Baba. "To amma ka saurare ni. Me aka rubuta a katinka wajen sana'a?"

"Komarsan, Baba."

"Ɗan kasuwa. Haka ake rubuta wa kowa, don shi ne ba ya jawo tambaya. Duk wanda ka gani da biro a hannu, ko ɗan sanda ko likita, magana ɗaya ce. In bakinka ya saɓa wa katinka, ni ba na nan."

"Ko likita, Baba?"

"Ba biro take riƙewa ba?"

Da safiyar Alhamis Ƙulu ta ce ƙafarta ƙafarsa. Sun daɗe a kan benci, sai bayan azahar aka kira shi. Likitar, Dokta Obone, matashiya ce da ta dawo daga karatu ba da daɗewa ba. Faransancin Sabitu na lodi da sauke kaya ne, saboda haka wata nas mai suna Hadidja, Bahaushiyar Garwa, ita ke juya magana tsakaninsu.

"Malam Sabitu, likita ta ce mene ne aikinka?"

"Komarsan."

Likitar ba ta jira fassara ba. Ta ɗaga hannu sama ta yi wata 'yar dariya, ta ce wa Hadidja wani abu da sauri.

"Ta ce kai ne na ashirin da ya ba ta wannan amsa," in ji Hadidja. "Kwanta nan, ka cire riga."

A gefen gadon akwai na'ura sabuwa fil, ba a ma gama ɓare ledar jikinta ba. Hadidja ta ce masa kada ya ji tsoro, ba ta yanka ba ta huda. Wani sauti take aikawa cikin ƙirji wanda kunne ba ya ji, sautin ya bugi zuciya ya dawo, sai na'urar ta zana abin da ya tarar. Aka shafa masa wani mai mai sanyi, likitar ta ɗora kan na'urar tsakanin haƙarƙarinsa. Layuka farare suka fara tafiya a kan gilashi, suna matsowa kusa da juna suna rabuwa.

"Waccan ce zuciyata?"

"Bangonta ne. Ka ga ya matso? To ta matse jini ke nan. Ka ga ya buɗe? Ta cika."

Sabitu ya manta da tsoro. Ya ɗaga kai yana kallo har sai da aka danna masa kafaɗa.

Dokta Obone ta daɗe tana awo da 'yar rula a kan takardar da na'urar ta fitar. Daga nan ta jawo wani fayil mai kauri daga kan tebur. Ta ce shekara guda ke nan ana aiko mata da mutane irinsa, duk daga arewacin Nijeriya ko Nijar, duk 'yan kasuwa masu zaman kanti, duk da babbar zuciya mai jinkirin bugu. Zuciyar da ciwo ya kumbura saki take yi, kamar tsohuwar salka, ba ta iya matsa jini. Amma tasu da ƙarfi take matsawa. Ba ta ga wannan a littattafanta ba ga mutumin da ke wuni a zaune. Tana zaton wata cuta ce da ba a sani ba tana farawa, har ta fara rubutu a kai.

"To za ta sa hannu?" in ji Sabitu.

Hadidja ta tambaya, ta juyo a hankali. "Ta ce ba za ta ɗora ka a kan babbar mota da abin da ba ta gane ba. Sai ta bi ka wata shida."

Sabitu ya dubi agogon bango. Ƙarfe biyu da kwata. Maganar amalanken ta zo masa har baki, ya tuna fuskar Baba Ɗanlami, ya haɗiye.

Likitar ta ci gaba da tambaya, ko yana haki, ko ƙafarsa na kumbura, ko jiri na ɗibarsa. Duk amsarsa ɗaya ce, lafiya lau. Ta gaji ta ce a shigo da matarsa, maza ba sa faɗin gaskiyar jikinsu.

Ƙulu ta shigo tana gyara mayafi, ta ga mijinta kwance ba riga ƙirji na ƙyalli.

"Baban Rabi'a, soya ka za a yi?"

Hadidja ta danne dariya. "'Yar uwa, likita ta ce in ya hau tudu yana haki?"

"Da buhu nawa?"

"Buhu kuma?"

"To ai ya danganta. In shida ne har waƙa yake yi. In takwas ne kuma rana ta take, to sai ya ɗan tsaya wajen mai rogo ya sha ruwa."

Sabitu ya yi tari mai ƙarfi. Ƙulu ta dube shi, ta gane, ta sa hannu ta rufe baki. Amma Hadidja ta riga ta fassara.

Dokta Obone ta ajiye biro. Ta kama hannun Sabitu ta juya tafin, ta danna kantar da ke gindin yatsunsa, ta dubi ƙwaurinsa. Ta yi tambaya ɗaya a gajarce.

"Buhun me?" in ji Hadidja.

Sabitu ya tashi zaune. "Yaya Hadidja, don Allah ki tambaye ta. Abin da ta rubuta a nan yana zuwa wurin masu katin zama?"

Likitar ta saurara. Ta jawo fayil ɗin ta rungume shi a ƙirjinta, ta ce wannan nata ne da marasa lafiyarta, babu ofishin da ke leƙa shi, kuma takardar kamfani kalma ɗaya ce a kanta, ya dace ko bai dace ba.

Sai ya faɗa mata. Siminti ne, buhu shida zuwa takwas, sawu bakwai ko tara a wuni, kwana shida a mako, shekara bakwai. Kuma da ƙafa yake zuwa daga Nzeng-Ayong in bas ta cika.

Likitar ta miƙe tsaye har kujera ta faɗi. Ta fita da sauri ta dawo da wata mujalla ta likitoci, ta buɗe wani shafi tana buga shi da yatsa. Magana take yi babu numfashi, Hadidja na roƙonta ta dakata.

"Ta ce bara aka buga wannan. Wasu likitoci sun ɗora irin na'urar nan a kan 'yan tsere da 'yan kokawa, suka ga zuciyarsu ta fi ta sauran mutane girma, kuma lafiyarta ƙalau. Ta ce zuciya tsoka ce, kamar damtsenka. In ana ba ta aiki kullum, sai ɗakinta ya faɗaɗa, bangonta ya yi ƙarfi. Bugu ɗaya sai ta tura jinin da ta wani sai ta yi kusan biyu. Shi ya sa in ka zauna ba ta gaggawa."

"Wato ba lalaci take yi ba," in ji Ƙulu.

"Ba lalaci ba ne. Kuma ta ce ba zuciyar kaɗai ba. Ƙananan hanyoyin jini na cikin cinya da ƙwauri su ma ƙaruwa suke yi. Kin ga unguwarku, da daji ne, da mutane suka yawaita bi sai hanyoyin ƙafa suka fito ta ko'ina? To haka."

Amma likitar ta ce zance bai isa ba, sai ta gani. Aka kai shi ɗaki na gaba inda aka kafe wani keke a ƙasa, aka liƙa masa wayoyi a ƙirji.

"Ina zai kai shi?" in ji Ƙulu.

"Babu ko'ina."

"Kai, Turawa! Keken da ba ya zuwa ko'ina."

Sabitu ya fara taka feda. Kowane minti uku likitar na ƙara masa nauyi, tana duban takardar da ke fitowa, tana kiran lambar bugun zuciyarsa. Tamanin. Ɗari da goma. Ɗari da arba'in. Ta murɗa har ƙarshen abin murɗawa, ta dube shi, shi kuma ya tambayi Hadidja ko an fara gwajin ne. Da aka tsayar da shi, likitar ta riƙe agogo. Cikin minti biyu bugun ya sauko ƙasa da casa'in. Ta tafa hannu kamar yarinya a filin ƙwallo.

Ta koma kan fayil ɗin, ta ce a karanta masa sunayen sauran, ko ya san su. Sabitu ya sake neman alkawarin da ta yi masa, ta sake yi.

"Idrisa, ɗan Zinder."

"Dakon shinkafa yake yi a tashar jirgin ruwa."

"Souleymane."

"Ga-ruwa ne, garwa biyu a kafaɗa tun asuba."

"Jika."

"Haƙan harsashin gini."

Da kowane suna likitar sai ta ja layi ta yi dariya tana girgiza kai, tana cewa shekara guda, shekara guda tana neman cutar.

"Ahmadou, na unguwar Cocotiers."

"A'a," in ji Sabitu. "Shi kam da gaske mai kanti ne. Ko buhun sukari sai an ɗauka masa. Kuma kwanan nan ƙafarsa ta kumbura, ba ya iya sa takalmi."

Dariyar likitar ta ɗauke. Ta zagaye sunan da jan biro, ta ce don Allah a gaya wa Ahmadou ya zo gobe da safe, kada ya jira layi. Sauran ma duk za ta sake duba su ɗaya bayan ɗaya, amma yanzu ta san abin da za ta fara tambaya.

Sannan ta jawo takardar kamfanin. Kafin ta sa hannu ta ɗaga yatsa. Ta ce in ya zama direba zai wuni a zaune, kuma masu binciken suna ganin zuciyar kan koma daidai da aikin da ake ba ta in an daina. Tana so ya riƙa zuwa duk wata uku ta auna, ta ga yadda take canzawa. Kuma kada ya yi tumbi.

"Wannan ki bar min," in ji Ƙulu.

Likitar ta rubuta ya dace, ta buga hatimi. Ƙarfe uku da minti ashirin.

A bakin asibiti titin bakin teku ya cushe. Wata motar tsakuwa ta tsaya a tsakiya, taksi sun jeru ba motsi, direbobi na ta ham. Sabitu ya ninke takardar ya sa a cikin hularsa, ya cire takalma ya miƙa wa Ƙulu.

"Ki hau taksi in ta motsa."

"Baban Rabi'a, da nisa fa!"

"Babu buhu ko ɗaya," in ji shi, ya kwasa da gudu.

Ƙarfe huɗu saura minti goma sha ɗaya ya ajiye takardar gaban akawun kamfanin, ta ɗan jiƙe da gumi a gefe. Akawun ya ɗaga ta ya duba hatimin ta haske, ya dubi ƙafafun Sabitu masu ƙura, ya rubuta sunansa. Litinin, ƙarfe shida na safe, mota lamba sha huɗu.

Da taksin Ƙulu ta iso wajen ƙarfe biyar, mai gadi ya nuna mata can ƙarshen fili. Sabitu na zaune a saman mota lamba sha huɗu, ya riƙe sitiyari da hannu biyu. Ta tsaya a ƙasa da takalmansa a hannu, tana neman inda ake taka a hau.