Homar Tamba

Shekarar da aka ba Kabi jiha aka dawo da Usmanu aiki Birnin Kabi, sai ya biya Argungu ya ɗauko mahaifinsa Tamba, tsohon masunci da gigin tsufa ya kama. Ba da son tsohon ba. Amma an sha tsamo shi daga gulbi yana haki, ƙarfin ninƙaya ya tafi, shi kuwa bai san ya tafi ba.

A gidan Usmanu na unguwar Nasarawa ma ba a huta ba. Kullum da hantsi sai ya nufi ƙofa, wai ruwa na jiransa. Likita ya ce ciwon ba ya warkewa, ya ba da ƙwayar kwantar da hankali. Ta kwantar da shi kuwa, har ta wuce gona da iri: ya wuni yashe kan tabarma, yawu na zuba. Usmanu ya tsani ƙwayar nan. Da ya koma da kuka, likita ya rage ta, ya ce a samo wa hannun tsohon aikin da ya sani.

Usmanu ya samo tsohuwar homa, ragar kamun kifi, yagaggiya da zare. Ikon Allah, mutumin da ke kiran ɗansa "malam baƙo" bai manta ƙulli ko ɗaya ba. Ya zauna a zaure yana ɗinki, yana cin tuwonsa, ya daina kallon ƙofa. Sai dai Usmanu ɗan masunci ne, ya san ba a gama gyaran homa a rataye ta. Don haka kowace safiya, kafin tsohon ya fito, yakan sa reza ya yanyanke aikin jiya. Abin na ci masa rai, kuma kunya ta hana shi gaya wa kowa, har matarsa Riskuwa.

Wata Talata Usmanu yana ofis, Atiku ya zo gaisuwa daga Argungu. Tare suka yi ƙuruciya da Tamba a jirgi ɗaya. To masunci ba ya tarar da ɗan'uwansa na ɗinki ya naɗe hannu, abin kunya ne. Ya ja ɗaya gefen. Kafin azahar sun gama, Atiku ya tafi masallaci.

Usmanu ya dawo ya tarar da zaure wayam, sai ga Atiku da murmushinsa.

"Baba Atiku, ina Baba?"

"Nan na bar shi, Manu. Mun gama mai homar tai, ka ga murna? Har sunana ya kira."

Faɗa ya zo wa Usmanu har baki, amma wa zai yi wa? Ya goya Atiku a babur suka gangara fadama. Masu yankan shinkafa suka ce ƙwarai sun ga wani dattijo da homa, har ya gaishe su da fara'a, ya shiga ruwa kamar mai gidan wurin, shi ya sa ba wanda ya yi tunanin tare shi.

A bakin gulbin Usmanu ya faɗa wa Atiku zancen reza. Atiku ya tuɓe rigarsa, matasa suka riƙe shi, ya fizge.

"Ni na san inda ruwa ka aje mutum," ya ce.

Bai yi kuskure ba kuwa. Shi ya fito da gawar Tamba, dab da la'asar.