Farfelar Maharazu

"Ƙara zugawa, Jibrin. Ko hannun naka ya mutu ne?"

Ni nake zuga, amma Maharazu ne yake haki. Yana kishingiɗe a zaurensa a Dukawuya, tari ya cinye shi, saura ƙashi. Shekara talatin muna maƙwabtaka, ni baduku, shi mai liƙin buta da dalma. Ni na ɗinka masa zuga-zugin, saboda wata 'yar farfela da ya yanka ya rufe cikin gwangwanin madarar kanti, tsinkenta ya leƙo waje da ɗan dutsen washi. Wai iska za ta juya ta har ta wasa aska. Shekara biyu unguwa tana yi masa dariya. Ni ma na yi, ba zan ɓoye ba.

Tsinken ya juya sau biyu, ya cije. Zuga-zugin ya yi tauri a hannuna.

Wansa Malam Sabo ya yi sallama, ya dube mu. "Haba Maharazu. Ka bar wasan yaran nan ka kama carbi."

"Ga carbina a hannu, Yaya. Amma wallahi ba zan tafi ana cewa na zare ba."

Tari ya sarƙe shi har na tsorata. Da ya lafa sai ya ce, "Ka san abin da ke kashe ni? Numfashin yana shiga, fitar ce ba ya yi." Ya ƙura wa gwangwanin ido.

"Kai, amma ni sakarai ne. Na saba toshe yoyo, na liƙe ta ruf kamar buta. Iskar farko ta cika ciki, ta tokare ta baya. Ta ina za ta fita? Miƙo basillarka."

Na miƙa masa basillar. Na ce in huda masa, ya harare ni. Da kansa ya yi huda uku kusa da tsinken, gumi yana ɗiga daga gemunsa.

Na matsa zuga-zugin. Gwangwanin ya yi gurnani, sannan ya ɗauki wani siririn fito, har matan cikin gida suka tsayar da daka. Maharazu ya ɗora aska a dutsen, wuta ta yi tartsatsi.

"To, Yaya?"

Malam Sabo ya matso yana kallon tsinken.

Ranar Alhamis da hantsi Maharazu ya cika. Na yi kuka, ban ji kunyar kowa ba. Bayan an watse daga zaman makoki na leƙa zauren in ɗauki basillata. Na tarar da Malam Sabo shi kaɗai, zuga-zugin a cinyarsa, yana matsawa a hankali, ɗan tsinken yana juyawa.