Sha Biyu a Gaban Uku

…sha biyu. Katin goma da katin biyu a gabana, sha biyu, wannan dai bai gudu ba. Mai rabon karta tana da uku a gabanta, kati ɗaya tak, sai mun gama za ta ɗauki na biyu. To a kan uku ake ja, a ƙara kati, ko a kan huɗu? Akwai iyaka a nan wajen. Ni na zana ta da hannuna a allon aji a Launceston, shekara talatin ina koyar da lissafi, ɗalibai suna dariya wai malaminsu ɗan caca ne. Ƙasa da nan ka ja, sama da nan ka tsaya. Nan ɗin ne… ina nan ɗin yake?

"Farfesa, kafin ka gama tunani jikata ta yi aure."

Desmond ke nan, tsohon direban babbar mota, bakinsa ba birki. Kujerar ƙarshe tawa ce, kuma kowa a teburin nan ya yarda mai kujerar ƙarshe ne ke cinye katin da zai kashe mai rabo. Shirme! Na bayyana masa sau ɗari, har a bayan takardar kifi da dankali na zana masa. Karta ba ta san wurin zamanka ba, Desmond. Ba ta san sunanka ba.

Wasan nan na ashirin da ɗaya, wanda in ka zarce lambar ka faɗi, ba wasan mai zuciya ba ne, haka nake faɗa musu. Kada ka tambayi cikinka. Kada ka yi fushi, kada ka bi abin da ya tafi da gudu. Ka yi daidai, in an cinye ka an cinye ka, wannan ba kuskure ba ne. Ka riƙe ƙa'ida kawai, ita za ta riƙe ka. To ga ni, ba fushi, ba haɗama. Duk halin yana nan. Ƙa'idar ce ta fita ta bar ni da halin, kamar gida an share shi tas an kwashe kujeru.

Noeline tana tsaye a bayana, ina jin ƙanshin alewar na'ana'arta. Kwabbanta na roba, kuɗin cacarta, suna bayan nawa, a gida ɗaya a kan teburin: in na ci, ta ci. Wanda ya zauna shi ke yanke hukunci, na tsaye ya bi. Kowace Alhamis da rana, tun rasuwar mijinta. Takan ce, "Kanka nake haya, Alwyn, ba fuskarka ba." Kan nan. Wasiƙar likita a kan mantuwar nan tana aljihun kwat, ninki huɗu, ko 'yata ban nuna wa ba… ko na nuna mata? In Noeline ta sani, za ta ɗauke kwabbanta a hankali, da ladabi, ta koma bayan Desmond. Desmond, mai raba katin goma guda biyu ya ɓata rabo mai kyau in ransa ya yi daɗi! Ni kuwa in zama wani tsoho da ake ce wa sannu.

Uku. Alli ja na yi amfani da shi a layin, ana ruwa ranar, tagar ajin ba ta rufuwa… tagar na tuna. Me zan yi da taga?

"Ranka ya daɗe, kati ko tsayawa?" Mai rabo ce, murya a sanyaye. Baki ba ya aiki a nan, sai hannu: ka ƙwanƙwasa tebur a ƙara maka, ka shafa iska a wuce ka. Hannuna yana rataye tsakanin biyun. Kowa ya zuba wa hannun ido, har Desmond, kuma kallonsa ya fi tsiyarsa ciwo.

Yatsa. A bayana, tsakanin kafaɗu, sau ɗaya — a hankali, kamar mai kakkaɓe zare.

Hannuna ya ƙwanƙwasa tebur kafin in tambaye shi. Ja. Ja ne a kan uku, i mana! Amma yaya hannun ya san ma'anar yatsan nan? Ba yau ya koya ba. Makon jiya, da katin takwas guda biyun nan… da wancan makon… tun yaushe, Noeline?

Katin ya sauka. Desmond yana faɗin wani abu. Ban duba ba. Ba zan iya juyawa in dube ta ba — ba yanzu ba…