Masu Tsaron da Ba Su Gajiya

Shekarar da tsuntsu jan-baki ya sauka bisa dawar garinmu Tama, ita ce shekarar da Alƙasim, ɗan ƙanena marigayi, ya zo hutu daga Faransa. Ni na kai shi lakwal, makarantar boko, da hannuna, don haka ina da bakin tambaya.

Kwana uku yana duƙe bisa kaye, littafin rubutunsa, yana rubutu yana sokewa. Na ce, "Kai, likita kake ko malamin lissafi?"

"Baba, ciwon daji nake lissafawa."

"Ka taɓa tsaga mutum?"

"A'a."

"To, wanzami marar aska ke nan."

Ya yi dariya, amma ba ta kai ciki ba. Ya ce cikin jikin mutum akwai wasu ƙwayoyi masu tsaro, su ke kashe ƙwayoyin cutar. Shi aikinsa ya auna da alƙaluma wa zai rinjayi wani. Abin da ya hana shi sukuni, lissafinsa kullum masu tsaro yake ba nasara, alhali a asibiti mutane mutuwa suke. Shekara biyu bai gano inda ya kauce ba. In hutu ya ƙare a haka, zai bar karatun ya nemi aikin biro, wato ofis, a garin Buza.

Ban gane ƙugiyoyin da ya zana ba, amma abin ya tsaya mini a rai. Na ce, "Masu tsaron nan naka, mi suke ci? Yaushe suke hutawa?"

"Ba su hutawa, Baba. In cuta ta ƙaru, su ma ƙaruwa suke."

Gani ya kori ji. Da safe na miƙa masa majajjawa da igiyar gwangwanaye, na ce da ni da shi da matata Hawa za mu tsare gona.

Ranar farko ya yi ihu har maƙwabta suka leƙo. Ta biyu murya ta dushe. Ta uku, da rana tsaka, na tarar da shi zaune gindin gawo, majajjawa bisa cinya, tsuntsaye na cin zangarniya kamu huɗu daga hancinsa.

Hawa ta yi masa kiran 'yan boko, ta ce, "Mushe, gaishe su kake? Ko in kawo musu hura?"

Ya ce da ƙyar, "Inna, ina ganinsu. Hannun ne ya ƙi."

Na ce, "To, ƙirga mu. Mu nawa ne a gonar?"

"Uku."

"Shekaranjiya fa?"

"Uku."

"Ɓarnar dawar fa, daidai take da ta shekaranjiya?"

Ya dube ni, ya dubi tsuntsayen. Ya tsinci kara ya hau zane a ƙasa, yana maganar Faransanci shi kaɗai. Can ya ce, "Baba, kawuna na ƙirga. Ban sa gajiya cikin lissafin ba."

Na ce, "Yau da gobe jaki ma kwantawa yake. Tashi, tsuntsu bai san ka gano komi ba."

Ya koma Faransa ranar kasuwar Buza. Bayan damina biyu ya aiko mini da littafi mai kauri, wai sunana na shafin farko. Na sa mushen lakwal, malamin yaranmu, ya duba, ya ce haka ne. Na tambaye shi ko an rubuta abin da ke sa masu tsaron su farfaɗo. Ya juya shafi ya juya, ya ce bai gani ba.

Na ce ya ɗauko takarda, mu tambayi yaron.