Faɗuwar Ɗangiwa

"Riga za ka kama, ba wuya ba!" in ji Baba Namadi, yana haki.

Ina tsaye bakin zana da ƙwaryar kunun da na kawo masa. Tsohon da jiya sai da aka tallafe shi ya yi alwala, yau ga shi tsakar gida cikin farar rigarsa mai kauri, ya ci ɗamara, yana fuskantar maigidana. Maigidan nawa kuwa shi ne Ɗangiwa, ɗan kokawar da daga Tambuwal har Kebbe ba a taɓa ganin bayansa a ƙasa ba.

Baba Namadi maƙwabcinmu ne, tsohon soja. Can wajen aiki ya koyo wata kokawar Japanawa, wai ita judo. A cewarsa ba ƙarfi ake sawa ba, in mutum ya turo ka sai ka ja shi, nauyinsa ya kai shi ƙasa. Amma darasin farko faɗuwa ce: ka sunkuyar da haɓa, ka mari ƙasa da tafin hannu. To fa! Mu nan wanda ya faɗi an kada shi ke nan, har makaɗa su sa shi a waƙa. Wa zai aiko ɗansa a koya masa abin kunya? Tun kafin mulkin kai yake zuba yashi yana faɗuwa shi kaɗai, muna jin tim! tim! muna dariya. Abin na cin ransa. Ya sha gaya mini zai mutu da ita a ciki, babu magaji.

Shi ya sa da hantsin nan ya aika a kira maigidana, alhali 'yan dubiya na zaune bisa tabarma, har da Tambaya, makaɗin Ɗangiwa.

"Baba, mi kaka so da ni? Iska ma tana kada ka," in ji Ɗangiwa.

"Turo ni dai, ɗan nan. Ko tsoro kaka ji?"

Ɗangiwa ya dubi Tambaya, ya dubi yashi. Ya tura. Tsoho ya juya ƙugu ya ja hannun rigarsa, jan da ko akuya ba zai motsa ba. Wallahi sai ga ƙaton nan ya tafi, haɓa a ƙirji, ya mari yashi, tim!

Baba Namadi ya saki baki. "Kai! Wa ya koya maka?"

"Zanar ga taka duk huji ce, Baba."

"Ni dai ban ga komi ba," in ji Tambaya.

"A'a, ka gani," Ɗangiwa ya ce daga kwance. "Sa shi a waƙa."

Tsohon ya yi dariya har da hawaye, ya shanye kunun tas. Ranar Juma'a bayan la'asar ya cika. Na yi kuka, amma raina fes yake.

Shatin hannun Ɗangiwa na nan kan yashi. Na kifa masa ƙwarya saboda kaji.